Lambar ta ce VVT: a juye mai, a sayi solinoyid, a sa sikana, ko a buɗe inji?

Mota ta fara kakkarwa idan tana silo, ko ta daina ja yadda ta saba, ko shan manta ya ƙaru, sai fitilar gargaɗin inji ta kama. An sa na'ura an karanta, ga P0011, ko P0016, ko wata 'yar uwarsu. Lambobi ne da suka shafi VVT, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul ɗin inji. Daga nan ake raba hanya. Wani makanike zai ce a sayo solinoyid, wani ya ce sarƙa ce ta saki sai an buɗe gaban inji, wani kuma ya ce a juye baƙin mai tukuna a ga abin da zai biyo baya. Kowannensu yana iya dacewa a kan wata motar ya kuskure a kan wata. Mai mota da zai biya kuɗin, da makaniken da ke tunanin wane kayan aiki zai fara saya, duka abu ɗaya suke bukata: su san abin da kowace hanya take iya nunawa, da kuma inda idonta ba ya kaiwa.

Kamshaf shi ke buɗe bawul yana rufewa, kiranshaf kuma shi ke juya shi ta sarƙa ko bel, juyi ɗaya a duk juyi biyu na kiranshaf. A tsofaffin injina lokacin buɗe bawul ɗaya ne, ko ana silo ko ana gudu. Alfa Romeo ce ta fara sayar da motar da ke sauya wannan lokaci a 1980. BMW ta fito da VANOS a 1992, Toyota ta biyo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, Honda tana da VTC, Ford tana da VCT, Hyundai da Kia suna da CVVT, Subaru tana da AVCS. Sunaye ne suka yi yawa, aikin kusan ɗaya ne. Kwamfutar inji tana aika wuta cikin hanzari, tana kunnawa tana kashewa, zuwa ga solinoyid. Solinoyid yana tura wani siririn bawul da ke raba baƙin mai zuwa ɗaya daga cikin ɗakuna biyu da ke cikin giyar kan kamshaf. Idan mai ya cika wannan ɗaki, kamshaf ya yi gaba. Idan ya cika wancan, ya ja baya. Akwai wata 'yar ƙusa a cikin giyar da ke kulle ta idan babu matsin mai, domin kada ta yi ta kaɗawa lokacin tayar da inji. Sensar kamshaf da ta kiranshaf su ke gaya wa kwamfuta inda aka kwana.

Kenan umarni ɗaya sai ya ratsa ta waya, da solinoyid, da mai, da giya, da sarƙa, kafin sensa ta kawo rahoto. Kwamfuta ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido. Abin da ta sani kawai shi ne ta nemi kaza, an ba ta kaza. Lambar da take fitarwa kamar kukan marar lafiya ne da ya ce wa likita kansa na ciwo: gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi cutar ba.

Duk da haka lambobin ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya iya raba su ya rage wa kansa rabin aiki. P0010 da P0013 da P0020 da P0023 zancen wuta suke yi: waya ta tsinke, ko ta haɗu da wata, ko naɗin wayar cikin solinoyid ya ƙone. P0011 da P0012 da P0014 da P0015, tare da takwarorinsu na layin silinda na biyu (a injin da silindojinsa suke layi biyu, kamar injin V) irin su P0021 da P0022, cewa suke kamshaf bai je inda aka aike shi ba, ya zarce gaba ko ya tsaya baya. P000A da P000B cewa suke yana zuwa amma da nawa. P0016 zuwa P0019 kuwa sun fi kowa nauyi, don suna nufin kamshaf da kiranshaf ba su jitu ba tun daga tushe. Tsofaffin Toyota suna da tasu lambar, P1349. Idan kuma Honda ta ba ka P2646 ko P2647, wannan VTEC ne, wato ɓangaren da ke sauya zurfin buɗewar bawul, kada a haɗa shi da abin da muke magana a kai ko da yake mai ɗaya suke sha.

Juye mai tukuna

Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma ban ga dalilin tsallake ta ba. Tsarin gaba ɗaya da baƙin mai yake motsi. Idan mai ya yi ƙasa, famfo yana jawo iska, kamshaf ya riƙa zuwa yana dawowa ba bisa umarni ba. Idan an zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don marar kauri irin 0W-20 ko 5W-20, mai ba zai ratsa ƙananan ramukan da sauri ba, musamman kafin inji ya ɗau zafi, sai a ga P000A ko P0012. Idan an daɗe ba a juye ba, datti yana kwanciya a kan 'yar ragar da ke tace mai kafin ya shiga solinoyid. A wasu injina ragar tana jikin solinoyid ɗin, a wasu tana ɓoye a bayan wani noti a kan inji, a wasu Subaru kuma tana cikin notin bututun mai. Mutane da yawa sun sauya solinoyid sau biyu ba su san akwai wannan raga ba.

Ƙarfin wannan hanya shi ne ko ba ta warware matsalar ba, ba a yi asara ba, domin duk gwajin da za a yi daga baya yana bukatar mai mai kyau a daidai ma'auni. Rauninta kuma shi ne ba ta gaya maka komai idan lambar ta dawo. Ba ta kuma da abin cewa game da P0010 da 'yan uwanta na wuta. Waya ba ta san ko an juye mai ba.

Game da maganin wanke cikin inji da ake zubawa kafin juye mai, ni ba na saurin ba da shawararsa ga injin da datti ya riga ya yi wa katutu. Abin da ya ɓamɓaro sai ya sami wurin zuwa, kuma sau da yawa ragar famfon mai yake toshewa, wadda ta fi ta solinoyid muhimmanci nesa ba kusa ba. Juye mai sau biyu ko uku a kusa da juna ya fi kwanciyar hankali.

Sayen solinoyid bisa zato

Ita ce hanyar da aka fi bi, kuma sai a yi mata adalci: wani lokaci tana ci. Akwai injinan da solinoyid ɗinsu ya yi suna wajen lalacewa, kamar Ecotec mai lita 2.4 na General Motors, inda P0010 ko P0013 kan ƙare a kansa. Idan solinoyid yana waje, noti ɗaya ke riƙe da shi, kuma lambar ta wuta ce, wanda ya saya bai yi wauta ba. Amma idan lambar P0016 ce, sayen solinoyid kusan jefa kuɗi ne a rijiya, sai dai in tsohon ya maƙale a buɗe ya hana kamshaf komawa mazauninsa, kuma wannan ana iya gane shi ba tare da an sayi komai ba.

Akwai wani tarko a sababbin injina. A da solinoyid da bawul ɗinsa abu ɗaya ne, ka zaro su tare. Yanzu a injina da dama, cikinsu har da EA888 na Volkswagen da wasu na Mercedes, maganaɗisun solinoyid ɗin yana jikin murfin gaba shi kaɗai, bawul ɗin kuwa yana cikin babban notin da ke tsakiyar giyar kamshaf. Wanda ya sauya maganaɗisu bai taɓa bawul ɗin da ke maƙalewa ba. Sannan akwai batun ingancin sabon kayan. Solinoyid na jabu yana iya jawo lambar da babu ita a da, sai ka koma kana neman matsala biyu kana tsammanin ɗaya ce.

Idan inji yana da solinoyid biyu masu lambar kaya iri ɗaya, kamar N52 na BMW, akwai dabarar da ta fi saye: a musanya su. Lambar ta bi solinoyid zuwa sabon wurinsa, an kama ɓarawo. Ta tsaya inda take, a bar solinoyid ya huta. Sai dai a tabbatar iri ɗaya ne, don a injina da yawa na shan iska da na fitar da hayaƙi sun yi kama amma ba su shiga wurin juna.

Mita da batir

Maltimita tana amsa tambaya ɗaya, kuma tana amsa ta da kyau: shin wuta tana da hanyar bi? A cire soket a auna naɗin wayar solinoyid. Toyota, alal misali, tana ba da om 6.9 zuwa 7.9 a zafin digiri 20 ga solinoyid ɗinta da yawa. Wasu kamfanoni nasu ya bambanta, don haka littafin motar ne alƙali. A duba ko wuta tana isowa soket. A motoci da yawa waya ɗaya tana ɗauke da wutar batir, kwamfuta kuma tana sarrafa ɗayar, amma a Toyota da dama wayoyin biyu daga kwamfuta suke fitowa, kuma wanda ya jona musu batir kai tsaye ba tare da cire soket ba yana iya ƙona ta. A leƙa cikin soket ko akwai mai. Wasu injinan Mercedes, irin su M271, an san su da yoyon mai daga maganaɗisun kamshaf, man ya bi cikin waya har ya kai wasu sensoshi, wani lokaci har kwamfuta.

Ana kuma zaro solinoyid a taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci a ga ko bawul ɗin yana motsi yana komawa. A nan mutane ke ruɗuwa. Sun ji ƙas, sai su ce lafiyarsa lau. Motsi a hannu, a sanyi, babu mai, babu matsi, bai tabbatar da cewa zai yi aiki a cikin inji mai zafi ba. Idan bai motsa ba, ka tabbata ya mutu. Idan ya motsa, ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Saboda haka mita ita ce zaɓin farko ga P0010 da danginta, amma ga P0011 ko P0012 shaidarta rabi ce.

Sikana mai nuna aiki yana gudana

A nan zan daɗe, domin a ganina a nan ake yanke hukunci. Ba ƙaramar na'urar da ake jonawa da waya ta karanta lamba ta goge nake nufi ba. Tsarin OBD-II da Amurka ta wajabta daga 1996, Turai kuma ta bi da nata ga motocin fetur daga 2001, ya tilasta wa kamfanoni su bayyana lambobi da wasu bayanai na gama-gari, amma kusurwar kamshaf galibi ba ta cikinsu. Sai sikanar da ke shiga bayanan kamfanin motar kanta, wadda za ta nuna lambobi biyu gefe da gefe: digirin da kwamfuta take nema, da digirin da kamshaf yake a zahiri. In ta iya zana su a matsayin layi biyu a allo, ya fi.

Kafin a goge komai, a karanta yanayin da kwamfuta ta adana lokacin da lambar ta faɗo: zafin ruwa nawa, gudun inji nawa, ana tafiya ko ana tsaye. Lambar da ke zuwa daƙiƙu kaɗan bayan tayarwa da safe da wadda ke zuwa bayan doguwar tafiya ba cuta ɗaya suke nunawa ba. Bayan an rubuta wannan sai a goge, saboda motoci da yawa suna kashe tsarin gaba ɗaya muddin lambar tana nan, ka ga digirin da ake nema yana kan sifili ka ɗauka babu abin da ke aiki.

Sai a bar inji ya yi zafi, a fita da motar, wani yana tuƙi wani yana kallon allo. Idan layin zahiri yana bin na umarni amma yana makara, kamar ana jan sa, hankali ya koma kan mai: kauri, datti, raga, ko ƙarancin matsi. Idan umarni ya tashi zuwa digiri ashirin ko talatin, zahiri kuwa ko gezau, to ko dai solinoyid bai buɗe ba, ko mai bai iso ba, ko ƙusar kulle ta ƙi saki. Idan an dawo silo umarni ya koma sifili amma kamshaf ɗin shan iska ya tsaya a gaba, wannan shi ne injin da ke kakkarwa yana mutuwa a tsaye, domin bawul ɗin shan iska da na hayaƙi suna buɗe tare fiye da kima. A cire soket ɗin solinoyid a gani. Bai sauya ba, to wani abu ne ya maƙale, ko ɗan ɓurɓushi a bawul, ko giyar kanta. Idan komai daidai ne a sanyi, sai inji ya yi zafi sosai abin ya lalace, musamman a ƙaramin gudu, wannan alamar matsin mai ce, saboda mai mai zafi ya tsinke yana zurarewa ta duk inda ya sami sarari. Idan kuma layin zahiri yana tsalle nan da can cikin ƙiftawar ido, fiye da yadda ƙarfe zai iya motsi, a tuhumi sensa ko wayarta.

Sikana mai kyau tana kuma ba da umarni. Inji yana silo da zafinsa, ka ce wa solinoyid ɗin shan iska ya buɗe. Lafiyayyen tsari zai sa inji ya yi tuntuɓe nan take, ko ma ya mutu. Haka littattafan gyaran Toyota suke bayyana wannan gwaji. Cikin 'yan daƙiƙu ka gwada waya, da solinoyid, da hanyar mai, da giya, duka a tare, ba ka kwance noti ko ɗaya ba. Babu wata hanya a cikin waɗanda muke kwatantawa da ke ba da wannan yawan amsa a wannan ɗan lokaci. Inji bai ji komai ba, sai ka koma ga mita ko musanya solinoyid ka raba tsakanin wuta da mai.

Tana da nata makafin wurare. Wasu kwamfutoci suna koyon inda kamshaf yake hutawa su ɗauke shi a matsayin sifili, don haka sarƙar da ta miƙe a hankali ba za ta bayyana a lambar zahiri ba; sai ka nemo adadin gyaran da kwamfutar ta koya, idan motar tana nuna shi. Wasu motoci da digirin kiranshaf suke lissafi, wasu da na kamshaf, kuma bambancin ninki biyu ne. Sannan duk abin da sikana ta nuna daga bakin sensa ta ji shi. Idan faifan haƙoran da sensa take karantawa ya goce a kan kamshaf, sikana za ta rantse cewa lokaci ya kauce alhali bawul suna buɗewa daidai.

Gejin matsin mai

Fitilar mai da ke gaban direba ba shaida ba ce. A motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar, wato lokacin da inji ya riga ya shiga haɗari, alhali giyar kamshaf ta daina samun abin da take bukata tun kafin nan. Sai an ɗaura geji a wurin sensar mai, inji da cikakken zafinsa, a karanta a silo a kuma karanta a gudun da littafi ya ce. Tsofaffin makanikai suna da ƙiyasin psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti. Ƙiyasi ne kawai, kuma sababbin injina masu famfon da ke rage matsi da gangan ba sa bin sa.

Amfanin geji ya fi fitowa kafin a kashe babban kuɗi. Injin Ford mai lita 5.4 da bawul uku a kowace silinda ya shahara da ƙarar giyar kamshaf idan ya yi zafi, kuma sau da yawa tushen abin shi ne mai da ke zurarewa ta sil ɗin tenshina, wato abin da ke tokare sarƙa kada ta saki, ko ta wuraren da suka ci. A sa sabuwar giya a injin da ba shi da matsi, ƙarar za ta dawo. Sai dai geji matsin babbar hanyar mai yake aunawa. Yana iya nuna lafiya alhali a can sama, kusa da kamshaf, mai yana tsiyaya. A N52 na BMW, zobban da ke riƙe mai a wuyan kamshaf suna iya cin rami a mazauninsu, mai ya riƙa wucewa ta nan, kuma wannan sai an buɗe an gani.

Osiloskof

Ga P0016 da 'yan uwanta, babu abin da ya kai osiloskof, na'urar da ke zana siginar wuta a allo, in ba a son buɗe inji. Ana jona waya ɗaya ga sensar kiranshaf, ɗaya ga ta kamshaf, a cire soket ɗin solinoyid domin kamshaf ya zauna a mazauninsa, a ɗauki hoton siginonin biyu, a kwatanta da na lafiyayyen inji irinsa. Faifan kiranshaf mai gurbin haƙora 60, wanda aka cire biyu, kowane haƙori digiri 6 ne. Mai gurbi 36 kuma digiri 10. Da ƙirga haƙora kawai za ka san nawa aka kauce. Kaucewar 'yan digiri tana nuna sarƙa ta miƙe. Babbar kaucewa kuwa tsallake ce: idan giyar kamshaf tana da haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ne a kamshaf, wato 20 a kiranshaf. Shi ne kuma ke nuna sensar da siginarta ke yankewa idan ta ji zafi, abin da mita ba za ta taɓa kamawa ba.

Matsalarsa biyu ce. Yana bukatar hannun da ya saba, kuma ba shi da amfani in babu hoton lafiyayyen inji da za a kwatanta da shi. Shi ma, kamar sikana, faifan da ya goce yana iya yaudararsa, sai dai in an ƙara masa sensar matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi, wadda ke nuna ainihin lokacin da bawul suka buɗe. Ga mai mota ɗaya, sayensa bai taso ba. Ga garejin da ke karɓar irin wannan aiki kullum, yana mayar da kuɗinsa a ranar da ya hana a buɗe injin da sarƙarsa lafiya lau.

Buɗe inji

Gani ya kori ji. A cire murfi, a kawo fistin na ɗaya sama, a duba alamomi ko a sa ƙarafan kulle da kamfani ya tanada, a ga yadda tenshina ta fito, a duba robobin da sarƙa ke gudu a kansu ko sun karye, a gwada giya ko tana kulle. Babu gardama bayan wannan. Amma ita ce mafi tsada da cin lokaci, a wasu motoci sai an sauke inji gaba ɗaya, kuma ba ta ce komai game da waya ko matsin mai. Wanda ya fara da ita kan P0010 ya yi aikin banza.

Akwai lokutan da ya kamata a tafi gare ta kai tsaye. Na farko, idan P0016 ko P0017 ta bayyana jim kaɗan bayan an yi aikin sarƙa, ko bel, ko an sauke kan inji. Nan ba sai an yi dogon bincike ba, an kauce da haƙori ne, ko an ɗaura giya ba a kulle take ba. Na biyu, idan lambar tana tare da ƙarar sarƙa da ba ta ɗaukewa. Yawancin injinan zamani, idan sarƙa ta tsallake da yawa, fistin yana dukan bawul, kuma daga nan zancen ya wuce na gyaran lokaci. Irin wannan motar a daina tuƙa ta. Injin V6 mai lita 3.6 na General Motors na farko-farko da 1.4 TSI na Volkswagen mai sarƙa suna cikin waɗanda aka sani da miƙewar sarƙa, don haka a kansu zargin yana da tushe tun kafin a auna.

Ƙarar da ke zuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan tayarwa da safe ta ɗauke, wannan wani babi ne. Sau da yawa ƙusar kulle ce ta ci, giya tana kaɗawa kafin mai ya cika ta. Wasu injinan K24 na Honda an san su da haka, kuma galibi ba su ma kunna fitila. Amma tenshinar da ta saki tana yin irin wannan ƙarar, haka ma filtar mai marar inganci da ke barin mai ya koma ƙasa cikin dare. A fara da filta, ita ce mai sauƙi.

To wanne za a zaɓa?

Lambar ce ke nuna ƙofar shiga. Ta wuta ce, a ɗauki mita. Ta rashin bin umarni ce ko nawa, a duba mai da raga, sannan sikana, sannan geji idan abin da zafi yake zuwa. Ta rashin jituwa ce, a cire soket ɗin solinoyid a tabbatar kamshaf yana komawa mazauninsa, sannan osiloskof, sannan a buɗe. Idan lambobin layi biyu na injin V suka zo tare, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato mai, ko fis, ko babbar sarƙa, ko sensar kiranshaf. Da wuya solinoyid biyu su mutu rana ɗaya.

Mai mota da ba ya gyara da kansa, abin da zai iya shi ne mai da filta, sannan ya zaɓi garejin da zai nuna masa digirin umarni da na zahiri a allo kafin a rubuta masa kayan saye. Makaniken da zai sayi abu ɗaya kawai a bana, ni sikana mai ba da umarni zan ce ya saya, ya haɗa da geji tunda ba shi da tsada, osiloskof ya jira sai aikin sarƙa ya yawaita a hannunsa.

A lura da injinan da ɗan moto na lantarki ke juya giyar kamshaf ɗinsu, kamar VVT-iE na Toyota da Lexus. A kan wannan kamshaf ɗin babu solinoyid, babu raga, gwajin mai bai shafe shi ba. Wuta da moton da kwamfutarsa ake bi. Sau da yawa kuma ɗayan kamshaf ɗin na injin da mai yake aiki, don haka a tabbatar wanne lambar take nufi.

Bayan an gama gyara, wasu motoci suna bukatar a goge abin da kwamfuta ta koya, ko a sa ta ta sake koyon matsayin kiranshaf da kamshaf, in ba haka ba lambar tana iya dawowa a kan sababbin kaya. Kuma da yake yawancin waɗannan lambobi sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu kafin fitila ta kama, fitowa daga gareji da fitila a kashe ba ta isa shaida ba. A bar inji ya yi zafi sosai, a fita da shi a gudu daban-daban, a kalli digirin umarni da na zahiri suna tafiya tare, sannan a leƙa sashen lambobin da ke jiran tabbaci a ga ko babu komai.